“Kwamfuta Ba Ta Kawo Sunanka Ba”

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tagar wani ofis a cikin shekarun nan yana neman haƙƙinsa, ko kuɗin tallafin karatu ne, ko sakamakon jarrabawa, ko albashin watan farko, da wuya a ce bai taɓa jin wannan magana ba: “Malam, sai haƙuri, kwamfuta ba ta kawo sunanka ba.” Da zarar an faɗi haka, zance ya ƙare. Akawu ya koma kan aikinsa, mai nema ya naɗe takardunsa ya kama hanyar gida kamar wanda aka karanta wa hukuncin da ya sauko daga sama. Ba ya ɗaukaka ƙara, domin bai san gaban wa zai kai ta ba. Mu dai a ganinmu lokaci ya yi da ɗalibai za su daina karɓar wannan magana, matasan ma'aikata kuma su daina faɗinta, kuma muna da dalili.

A hutun da ya wuce wata hukuma mai ba da tallafin karatu ta liƙa jerin sunayen waɗanda za a biya. Mu 'yan unguwannin da ke kusa da Ƙofar Jatau muka taru muka duba, muka ga mutum bakwai daga cikinmu babu sunansu, alhali kuwa kowannensu yana riƙe da rasiɗin banki na kuɗin fom da takardar shaidar ƙaramar hukuma. A cikinsu akwai wata ƙanwarmu marainiya, wadda ta ke ajin farko, wadda mahaifiyarta sai a ranar ƙarshe ta samu ta haɗa kuɗin fom ɗin daga cinikin ƙosai. Sau uku yarinyar nan tana zuwa ofis, sau uku ana gaya mata maganar da muka ambata a sama. Daga ƙarshe wani yayanmu ɗan unguwa da ke aiki a wurin ya roƙi shugabansa, aka yarda biyu daga cikinmu masu karatun kwamfuta su zauna da saurayin da ke kula da rumbun bayanan, a duba tare. Abin da muka gani a yinin nan shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Kafin mu faɗe shi, bari mu yi wa 'yan'uwa da ba wannan fanni su ke karanta ba ɗan bayani, domin abin bai kai wuyar da a ke ba shi ba. A shekarar 1970 wani masani ɗan Ingila, Edgar Codd, wanda ya ke aiki da kamfanin IBM a Amurka, ya kawo shawarar a riƙa ajiye bayanai cikin jadawali-jadawali, kowane jadawali da layuka da gurabe, kamar dai littafin kiran suna na makarantar firamare. Jadawali ɗaya na ɗalibai, wani na kuɗin da aka biya, wani na sakamako, sa'an nan a sami wata alama guda da za ta danganta layin wannan da layin wancan. A 1974 wasu abokan aikinsa biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka fito da harshen da a ke yi wa irin wannan rumbu tambaya da shi, wanda yanzu a ke kira SQL. Yau bankuna da jami'o'i da ma'aikatu, galibinsu a kan wannan tsari su ke. To, abin lura shi ne rumbun ba ya magana da kansa. Sai wani mutum ya zauna ya rubuta tambaya, ya ce kawo mini duk wanda ya cika kaza da kaza. Na'urar kuwa ɗan aike ce irin wanda ba ya ƙari ba ya ragi. In ka aike shi kiran Audu ya tarar da Abdu, zai dawo ya ce babu kowa a gidan. Saboda haka duk jerin sunayen da aka liƙa a bango amsa ce ta wata tambaya, kuma tambayar nan akwai hannun da ya rubuta ta.

Abu na farko da muka tarar shi ne an danganta jadawalin masu nema da jadawalin da banki ya aiko ta hanyar suna. Watau an ce wa na'ura, duk inda sunan da ke nan ya yi daidai da sunan da ke can, harafi da harafi, to mutum ɗaya ne. Wanda ya san yadda mu ke rubuta sunayenmu ya san an gina ɗaki a kan rairayi. Mutum guda shi ne Muhammad a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare, Muhammadu a bakin kakarsa, Moh'd a hannun ma'aikacin banki mai gaggawa. A'isha tana zama Aisha, ta zama Aishatu. Bugu da ƙari, fom ɗin an tsara shi bisa al'adar Turawa, mai sunan iyali guda da a ke gada kaka da kakanni, mu kuwa sunan yanka gare mu da sunan uba, wani ya ƙara da na kaka, wani na gari ko na unguwa. Yau an sa sunan uba a gaba, gobe a baya. Irin haɗin da aka yi amfani da shi kuwa, duk layin da bai sami abokinsa a ɗaya jadawalin ba sai ya faɗi, kuma ya faɗi shiru, babu ƙara babu gargaɗi. Uku daga cikin mutanenmu a nan suka zube.

Wannan kuskure yana da wata fuskar da ta fi ban tsoro ga wanda ya ke riƙe da dukiyar jama'a. A ce akwai Abubakar Sani biyu, kowanne da rasiɗinsa. Na'ura za ta haɗa na farko da rasiɗi biyun, ta haɗa na biyu da rasiɗi biyun, sai layi huɗu su fito a maimakon biyu. In aka tara kuɗi a kan wannan jeri, an ninka. Ashe tambaya ɗaya tana iya korar mai haƙƙi ta ƙofar gaba, ta shigo da fatalwa ta ƙofar baya, kuma in asarar da ƙarin suka yi kusa da juna jimla za ta fito kamar daidai, shugaba ya sa hannu da zuciya ɗaya.

Na biyu ya fi yi mana ciwo, domin ya taɓa harshenmu. An nemi a ware mutane bisa unguwanni, sai mai tambaya ya rubuta sunan unguwarmu da k maras lanƙwasa. Wasu daga cikinmu da suka cika fom da waya mai haruffan Hausa sun rubuta Ƙofar Jatau yadda Malam ya koya mana a aji. A wurin na'ura K daban, Ƙ daban, kuma gaskiyarta, domin a Hausa ma kafa daban, ƙafa daban. Amma ba a gaya mata cewa a nan wuri ɗaya a ke nufi ba. Mun ga wani layin ma da harafin ya rikiɗe ya zama alamar tambaya, saboda an bi da bayanan ta wani tsohon tsarin haruffa wanda aka yi domin harsunan Yammacin Turai, wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. In kuma aka jera sunaye bisa lambar da na'ura ta ba kowane harafi, Ƙ yana faɗawa can ƙasa bayan Z, inda mai duba takarda ba zai neme shi ba. Ku dubi wannan abin kunya. A nan Zariya aka daɗe ana buga haruffan nan, tun zamanin Hukumar Talifi da Kamfanin Gaskiya da ke Tukur-Tukur, ƙofar kuma tana ɗauke da sunan Jatau, mahaifin Makau, sarkin Haɓe na ƙarshe da ya zauna a birnin nan. Sai ga shi yau wanda ya rubuta sunanta daidai shi ne ya rasa tallafi, wanda ya rubuta ba daidai ba ya samu. Mutum biyu ke nan. Kuma tsarin Unicode, wanda wayoyin da ke aljihunmu su ke amfani da shi, ya daɗe da tanadar wa haruffan nan gurbi, saboda haka babu uzuri.

Na uku shi ne ya kama ƙanwarmu da wani ɗan'uwa guda. An ce a kawo waɗanda suka biya kuɗi zuwa ranar 31 ga wata. Banki kuwa yana rubuta rana tare da sa'a da minti. Sa'ad da aka ba na'ura kwanan wata tsurarsa ba tare da sa'a ba, sai ta ɗauka ƙarfe 12 na dare a ke nufi, watau daidai lokacin da ranar ta ke shigowa. Duk wanda ya biya da hantsin ranar 31, ko bayan azahar, a wurinta ya makara. Muna roƙon mai karatu ya tsaya a nan ya tambayi kansa su wane ne su ke biya a ranar ƙarshe. Ɗan mai hali tun makon farko ya biya ya manta. Mai jiran a sayar da tunkiya, ko a kwashi adashi, ko kawu ya aiko daga Kaduna, shi ne mutumin ranar ƙarshe. Kuskuren da a ido ya ke kamar na lissafi, in an bi sawunsa sai a ga a kan talaka kaɗai ya sauka, kuma a cikin shirin da aka kafa domin talakan.

Akwai na huɗu, wanda bai shafi mutanenmu bakwai ba amma ya hana a gano su tun da wuri. Shi saurayin ofishin, don Allah a yi masa adalci, ya so ya bincika. Ya rubuta tambaya ta biyu, ya ce a kawo masa masu neman da lambar fom ɗinsu ba ta cikin jerin waɗanda aka amince da su. Na'ura ta dawo da fanko, ko layi ɗaya babu. Ya yi hamdala ya ce ba a bar kowa a baya ba. Ashe a cikin jerin akwai layi ɗaya da aka bar gurbin lambarsa ba a cika ba. A harshen SQL irin wannan gurbi ana kiransa NULL, ma'anarsa “ba a sani ba”, kuma ya bambanta da sifiri. In ka tambayi na'ura ko lamba kaza ta bambanta da abin da ba a sani ba, ba za ta ce i ba, ba za ta ce a'a ba, sai ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma ba ta fitar da layi sai wanda amsarsa ta zama i tabbatacciya. Don haka gurbi ɗaya tak da ba a cika ba ya isa ya rufe bakin tambayar da aka gina da NOT IN gaba ɗayanta. Da ya yi amfani da NOT EXISTS, ko ya fara tsame guraben da ba a cika ba, da sunayen sun zubo masa tun ranar farko. Wannan tarko sananne ne, yana cikin littattafan koyarwa, amma mu kanmu sai da muka yi kusan sa'a biyu muna kallonsa kafin mu gane shi.

('Yan'uwa ɗalibai su lura, wannan “ba a sani ba” yana bin mu har cikin sakamakon jarrabawa. In takardar amsarka ta ɓace aka rubuta maka sifiri, an ce ka faɗi. In aka bar gurbin fanko, na'ura tana tsallake shi wajen fitar da matsakaicin maki, kamar ba ka taɓa ɗaukar darasin ba. Ko wanne aka yi, hukunci ne a kan rayuwarka, kuma mutum ne ya zaɓe shi.)

Mun san akwai masu cewa, to ai ga irinta nan, gara zamanin fayil da tawada. Ba mu tare da su. Iyayenmu da suka yi aikin Gwamnati sun ba mu labarin fayil ɗin da ke ɓacewa a ƙarƙashin teburin masinja har sai an ga abin goro, da ɗakin ajiya da gara ta cinye. Kuma wannan dabara ta danganta jadawali da jadawali ita ce ta tona asirin da takarda ta daɗe tana rufewa. A watan Fabrairu na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ba da sanarwar cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi daga jerin masu albashi, bayan an gwada jerin da lambar BVN ta banki. A watan Oktoba na 2022 hukumar zaɓe ta INEC ta ce ta soke sababbin rajista 2,780,756 da ta samu ba su inganta ba, da yawansu na masu yin rajista fiye da sau ɗaya. Me ya sa waɗannan suka yi aiki? Domin an dogara da lamba da zanen yatsa, abin da ba ya sauyawa da alƙalamin akawu. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ga mai rajistar jarrabawa, saboda haka kusan duk ɗalibin da ke jami'a yau yana da ita. Ofishin da har yanzu ya ke haɗa mutane da suna, ganganci ya ke yi.

Haka kuma kada wani ya ɗauka ciwon na ƙasarmu ne kaɗai. A Birtaniya, tsakanin 1999 da 2015, an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya fiye da 900 bisa zargin sata ko ha'inci, saboda wata manhaja mai suna Horizon ta nuna giɓin kuɗi a asusunsu. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun tsiyace, kafin kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai. Abin da ya cuce su shi ne abin da ya cuci ƙanwarmu, watau manya sun ɗauki abin da ya fito daga na'ura a matsayin shaidar da ba a jayayya da ita.

Ga inda mu ke son matasan ma'aikata, waɗanda jiya-jiya mu ke cin abinci tare da su a Samaru da Kongo, su saurare mu da kyau. A aikin Gwamnati an san ƙa'ida, ba a yanke shawara sai an rubuta ta a fayil, da sa hannu da kwanan wata, domin gobe a san wanda za a tambaya. Tambayar da ta ke tantance wanda za a biya da wanda za a hana, shawara ce ta hukuma, ko da layi goma ce a allon kwamfuta. Amma a yawancin ofisoshi tana zaune a na'urar yaro ɗaya, galibi mafi ƙanƙanta a ofis, wani lokaci ma mai yi wa ƙasa hidima ne da zai tafi bayan shekara. Shugaba bai taɓa ganinta ba, in ya gani ma ba zai iya karantawa ba. In abu ya ɓaci sai a bar jaki a koma dukan taiki. Kuma mu faɗi abin da kowa ya sani a zuci: inda kuskure ya ke iya ɓuya, nan ma son zuciya ya ke iya ɓuya. Rabin layi da aka ƙara a tambaya ya isa ya share unguwa guda daga jeri, a ce kwamfuta ce. A ofishin da muka je ba mu ga alamar mugun nufi ba, amma ba mu ga abin da zai hana shi ba in ya zo.

Abin da mu ke nema ba ya bukatar kwangila ko sabuwar na'ura. A buga tambayar a takarda a sa ta a fayil, wanda ya rubuta ya sa hannu, wani dabam ya karanta ya sa nasa. A yi ƙidaya kafin a liƙa jeri: in mutum dubu suka nema, to waɗanda aka ɗauka da waɗanda aka ƙi dole su tashi dubu cif, in sun gaza ko sun haura akwai magana. Wannan ƙidaya kaɗai, wadda ba ta cin minti biyar, da ta kama uku daga cikin kurakurai huɗun nan. A liƙa jerin waɗanda aka ƙi kusa da na waɗanda aka ɗauka, kowa da lambar fom ɗinsa da dalili. Sa'an nan kafin a saki tambaya a kan jama'a a jarraba ta da mutanen da aka san amsarsu, a sa mai Ƙ a sunan unguwarsa, da mai suna iri uku, da wanda ya biya da la'asar ɗin ranar ƙarshe. Yanzu da wasu su ke sa manhajoji irin su ChatGPT su rubuta musu tambaya, wannan jarrabawa ta ƙara zama tilas, domin manhajar ba ta san yadda bankinku ya ke rubuta sa'a ba sai in kun gaya mata.

Doka ma tana bayan mai nema. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ba mutum ikon neman a gyara bayanansa in an rubuta su ba daidai ba, ta kuma ba shi ikon ƙin yarda da hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke a kansa, ya nemi ɗan'adam ya duba. Ɗalibai nawa ne suka san haka? Ya kamata Ƙungiyar Ɗalibai ta sanar da su, ta kuma ware wasu daga cikin masu karatun kwamfuta da na shari'a su riƙa raka wanda aka kora da wannan magana.

Mu ma ɗalibai da namu laifin, kada mu wanke kanmu. Muna miƙa takardunmu ga mai shagon kwamfuta ya cika mana fom, mu tsaya muna hira, ba mu karanta abin da ya rubuta kafin ya aika. Muna sauya rubutun sunanmu yadda mu ke sauya hula. Malamanmu kuma, tare da girmamawa, suna koya mana rubuta tambaya da misalan da aka kwaso daga littattafan waje, masu tsabtatattun sunaye da cikakkun gurabe, har mu gama ba mu taɓa cin karo da jadawalin da ke da Moh'd a ciki ba. A ba mu bayanai masu datti irin na ofisoshinmu mu yi fama da su tun muna aji biyu.

Game da mutanenmu bakwai, an gyara tambayar a gabanmu, aka sake aika ta, sunayensu suka fito tare da na wasu da yawa daga wasu unguwanni waɗanda ba mu san su ba, waɗanda watakila tuni suka haƙura. Sai dai an ce mana an riga an rufe lissafin wannan zango, sai a zango mai zuwa za a sa su. Ƙanwarmu ta koma makaranta da rancen da mahaifiyarta ta ci. Mun karɓi kwafin sabon jerin da hatimin ofis, yana hannun sakataren ƙungiyar ɗalibai ta unguwa, kuma duk wanda ya san ya cika fom bai ga sunansa ba, ya zo da rasiɗinsa ranar Asabar bayan la'asar a duba masa.